MAN BUWAT: MAN DA DIREBOBI KE MANTAWA DA SHI

A Birnin Ƙonni, mahaɗar hanyoyin Yamai, Maraɗi, Tawa da Sakkwato, da wuya a sami direban da bai san ranar juyen man injinsa ba. Amma in aka tambaye shi man akwatin giya, wanda makanikai ke kira buwat, sau da yawa sai ya yi shiru.

Aikin wannan mai shi ne hana haƙoran giya cin junansu, da rage musu zafi. Masu ƙera motoci sukan ce a canza shi bayan kilomita 50.000 zuwa 100.000, gwargwadon irin motar. Sai dai su da kansu sun yi gargaɗi cewa inda akwai zafi, ƙura da kaya masu nauyi, a rage wannan wa'adi ƙwarai. To, ai halin ƙasar Ƙonni ke nan. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, ga motocin da ke ɗauko siminti daga Malbaza da albasa daga Galmi, galibi an yi musu lodi fiye da ƙima. Zafi ke tsufar da mai, in kuwa ya tsufa, ƙarfe ne ke biyan bashin.

Damina ma da nata. Motar da ta kutsa ruwa mai zurfi a kwarin Magiya, ruwan na iya shiga buwat ta kafar shan iska. Man sai ya koma kamar madara. Irin wannan ba a jiran cikar kilomita, a zubar da shi nan take.

Sauran alamun ba ɓoyayyu ba ne: giya mai wuyar shiga, kuka, ƙaurin ƙuna, ko ɓarɓashin ƙarfe a jikin murfin da ake kwancewa wajen juye. A mota mai canza giya da kanta, man yawanci ja ne garau, in ya yi baƙi ya gama aiki. Kuma ba kowane mai ne ya dace da ita ba, balle na kwalba da ba a san asalinsa ba.

Motar albasa da buwat ɗinta ya mutu a hanya, kwana kaɗan ya isa kayan su fara ruɓewa. Saboda haka ya kamata masu motoci, da jami'an da ke kula da motocin gwamnati, su riƙa rubuta ranar juyen man buwat da yawan kilomita a littafin mota.