Lissafi da Akwatin Ƙuri'a: Hasashen Zaɓen Kwamishinonin 'Yan Sanda a Ingila da Wales

A Nijeriya, kwamishinan 'yan sanda jami'i ne mai kaki wanda hukuma take naɗawa ta tura shi jiha. A Ingila da Wales kuwa, akwai wani muƙami mai kama da wannan suna, amma mai riƙe da shi farar hula ne, kuma jama'a ne suke zaɓensa. Wata doka da majalisar Birtaniya ta zartar a 2011 ita ce ta ƙirƙiro muƙamin. Aikin mai shi ya haɗa da naɗa shugaban 'yan sandan yankinsa ko sallamarsa, da tsara kasafin kuɗin rundunar, da fayyace laifuffukan da za a fi mayar da hankali a kansu. An yi zaɓen farko ranar 15 ga Nuwamba, 2012, a yankuna 41, ban da birnin Landan inda magajin gari yake da wannan iko. Wannan zaɓe ya zame wa masana ƙididdiga darasi a kan iyakar abin da lissafi zai iya hangowa.

Ɗanɗanon miya

Hanya ta farko da masana suke bi wajen hasashen zaɓe ita ce jin ra'ayin jama'a. Mai girki ba ta shanye tukunya kafin ta san ko gishiri ya ji. Cokali ɗaya ya wadatar, muddin ta motsa miyar sosai. Haka nan masu bincike suke tsamo mutane kaɗan, wato samfuri, ta yadda kowa yake da damar a tsamo shi, su tambaye su wanda za su zaɓa.

Lissafi ya nuna cewa idan aka tambayi mutum 1,000, kuskuren da za a iya samu yawanci ba ya wuce kashi 3 cikin 100, sama ko ƙasa. Ɗalibi zai iya gwada wannan da kansa: ya nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da yawan mutanen, sannan ya raba 100 da ita. Ga mutum 1,000, lambar ta kusa 32, amsar kuwa ta ɗan haura 3. Wanda yake son rage kuskuren da rabi, sai ya ninka yawan mutanen sau huɗu.

Sai dai wannan ƙa'ida tana aiki ne idan waɗanda aka tambaya su ne za su fita ranar zaɓe. A nan gizo yake saƙa. A 2012, kusan kashi 15 cikin 100 ne kawai na masu rajista suka jefa ƙuri'a. Wata ƙungiya mai fafutukar gyaran dokokin zaɓe a Birtaniya ta yi hasashen kashi 18.5, amma abin ya gaza hakan ma. A wata rumfar zaɓe a garin Newport na Wales, ko mutum ɗaya bai leƙo ba har aka tashi. Dalilan a bayyane suke: an yi zaɓen cikin sanyin Nuwamba da gajeren yininsa, muƙamin sabo ne, kuma ba a rarraba takardun bayanin 'yan takara gida-gida kyauta ba kamar yadda ake yi a zaɓen majalisa.

Ke nan, cikin mutum 1,000 da aka tambaya, kimanin 150 ne suke da tasiri, kuskuren kuwa ya tashi daga kashi 3 zuwa wajen kashi 8. Abin da ya fi wannan wuya shi ne gane waɗannan 150 ɗin, domin mutane da yawa sukan ce za su fita, ranar zaɓe kuma su zauna a gida.

Awon sauyin ra'ayi

Hanya ta biyu ita ce dogaro da zaɓen baya. Alal misali, idan jam'iyya ta sami kashi 40 a wani yanki, kuma bincike ya nuna farin jininta ya ragu da kashi 5 a ƙasa baki ɗaya, sai a ƙiyasta mata kashi 35 a yankin. Masanin siyasa David Butler na Jami'ar Oxford yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan dabara a Birtaniya. Amma a 2012 babu zaɓen kwamishina na baya da za a auna da shi, sai masu hasashe suka ari alƙaluman zaɓen majalisa na 2010. Waɗannan alƙaluma ba su san da zaman 'yan takara marasa jam'iyya ba, alhali kuwa su suka cinye kujeru 12. Jam'iyyar Kwanzabatib ta sami 16, ta Leba kuma 13.

Ƙuri'a ta biyu

Abu na uku shi ne tsarin ƙidaya. A lokacin, mai jefa ƙuri'a yakan nuna zaɓinsa na farko da na biyu. Idan babu wanda ya haura rabin ƙuri'u, sai a bar mutum biyu na sama, a duba takardun waɗanda aka cire, a ƙara wa kowanne daga cikin biyun ƙuri'un da aka sa shi na biyu. A yankin Humberside, John Prescott, wanda ya yi mataimakin firayim minista daga 1997 zuwa 2007, shi ne a gaba a ƙidayar farko. Da aka haɗa zaɓi na biyu, sai Matthew Grove na Kwanzabatib ya kayar da shi da ratar ƙuri'u sama da 2,000. Duk mai binciken da ya tsaya a tambayar zaɓin farko kaɗai, da ya ba Prescott nasara.

Da yanayi ya sauya

Daga 2016 aka mayar da zaɓen watan Mayu, ranar da ake wasu zaɓuɓɓukan, irin su na ƙananan hukumomi. Magoya bayan jam'iyyu suka fito, yawan masu jefa ƙuri'a ya haura kashi 25, kujerun marasa jam'iyya suka ragu zuwa 3. A 2021, bayan an ɗage zaɓen da shekara ɗaya saboda annobar korona, ba su sami ko ɗaya ba. Kwanzabatib ta kwashe 30 cikin 39. Wata doka ta 2022 ta soke zaɓi na biyu, don haka a 2024 wanda ya fi yawan ƙuri'u shi ya ci: Kwanzabatib 19, Leba 17, jam'iyyar Plaid Cymru ta Wales 1. Yayin da zaɓen ya riƙa bin sawun farin jinin jam'iyyu, awon sauyin ra'ayi ya fara yin amfani. A Nuwamba 2025 kuma gwamnatin Birtaniya ta sanar da niyyarta ta soke muƙamin a 2028, tana mai kafa hujja da cewa jama'a ƙalilan ne suka san kwamishinansu.

Hausawa sukan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma masanin ƙididdiga sai ya fara tabbatar da abin da ya gani a Larabar. Saboda haka, duk ɗalibin da ya ji an ce wane ne zai ci zaɓe, ya kamata ya yi tambaya uku kafin ya gaskata: mutum nawa aka tambaya kuma yaya aka tsamo su, nawa ne a cikinsu za su fita, kuma da wace ƙa'ida za a ƙidaya ƙuri'un.