Wutar Gaɓa: Yadda Ake Jona Mota Mai Ɗaki da Lantarki

Mota mai ɗaki ita ce wadda aka shirya cikinta da gado da madafa da makewayi, domin matafiyi ya kwana duk inda dare ya yi masa. Kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023, masu ratsa Afirka daga Alƙahira zuwa kudu da irin waɗannan motoci sukan yada zango a Hartum, a harabar kulob ɗin jiragen ruwa da ke bakin Shuɗin Nilu, inda aka girke Melik, jirgin da Kichina ya yi yaƙin Umdurman da shi a 1898. Daga bakin matuƙan jirgi ma aka aro kalmar "wutar gaɓa", wato wutar da jirgi ke jawowa daga tudu idan ya tsaya ya kashe injinsa.

Motar tana da layin wuta biyu. Na farko na batir ne mai bolt 12, shi ke kunna fitilu da famfon ruwa. Na biyu shi ne na wutar gaɓa, wanda ke cajin batirin, ya kuma ɗauki manyan kaya.

Shigar filogi cikin soket ba ta nuna cewa wutar ta dace da motar. Wutar Sudan bolt 230 ce, daidai da ta Turai, saboda haka motar Jamus ko Faransa ɗan mahaɗi kawai take bukata tsakanin shuɗin filoginta mai ƙafa uku da soket ɗin gida. Motar Amurka kuwa an yi ta ne don bolt 120. In aka jona ta babu taransifoma, cajar batir ce za ta fara ƙonewa.

Sai kuma nauyin da layin zai iya ɗauka, inda mutane suka fi yin ganganci. Lissafin mai sauƙi ne: bolt sau amfiya ya ba da wat. Soket mai amfiya 10 zai ba da wat 2,300 ke nan. Butar lantarki kaɗai kan ci 2,000. A watan Mayu, lokacin da zafin Hartum ke wuce digiri 40, ba wanda zai yarda ya kashe na'urar sanyaya ɗaki, to da an ɗora buta a kanta sai fis ya tsinke. Wannan ma da sauƙi. In fis ɗin bai dace ba, waya ce za ta narke.

Mafi hatsari shi ne rashin wayar ƙasa. Jikin mota ƙarfe ne bisa tayoyin roba, in wuta ta zurare cikinsa ba ta da mafita sai ta jikin wanda ya taɓa ƙofa yana tsaye a ƙasa. Don haka ake gwada soket tukuna, a warware wayar gaba ɗaya don kada ta yi zafi a naɗe, a fara jona ta jikin mota sannan a kai soket. Wajen cirewa kuma daga soket ake farawa.