Jandarma: Asali da Matsayin Rundunar Tsaron Karkara ta Faransa

Kalmar jandarma, wadda ta zauna daram a bakin Hausawan Nijar, aro ce daga Faransanci, inda asalinta ke nufin mutane masu ɗauke da makamai. Bahaushen Nijeriya yakan ɗauka wani suna ne kawai na ɗan sanda, domin ƙasarsa tsarin Ingila ta gada. Sai dai abin ba haka yake ba. Jandarma soja ne da aka ɗora wa aikin ɗan sanda, kuma wannan maƙala za ta dubi yadda hakan ya samo asali a Faransa.

Tun zamanin sarakuna akwai wata rundunar mahaya dawaki da ake kira Maréchaussée, wadda aikinta na farko shi ne ladabtar da sojojin da suka gudu daga fagen fama suka koma fashi. A hankali aka faɗaɗa ikonta ya haɗa da farar hula. A shekarar 1720 aka rarraba ta ƙungiya-ƙungiya, mutum huɗu ko biyar a kowane zango, bisa manyan hanyoyin ƙasar. Wannan shi ne ƙashin bayan tsarin har yau, wato hukuma ta kasance tana da ido da hannu a ƙauyen da ya fi kowane nisa daga Paris. Juyin juya halin 1789 ya rusa cibiyoyin sarauta da dama, amma bai iya rabuwa da wannan ba. An sauya mata suna a 1791, ta zama rundunar jandarma ta ƙasa. Daga baya aka kafa irinta a Italiya a 1814, a Sifaniya kuma a 1844.

Jandarma yana zaune ne a bariki tare da iyalinsa, ba ya yajin aiki, ba ya shiga ƙungiyar ƙwadago. Shi ke binciken sata da kisan kai da haɗarin mota a karkara da ƙananan garuruwa, manyan birane kuwa na 'yan sanda ne. A 2009 aka mayar da rundunar ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, amma matsayinta na soja bai canza ba.

Biyayyar da ake yaba wa rundunar a kanta ita ce kuma ta jawo mata tabo mafi muni. Lokacin da Jamus ta mamaye Faransa a 1940, jandarmomi sun ci gaba da karɓar umarni daga gwamnatin Vichy mai haɗa kai da 'yan mamaya. Su ne suka yi gadin sansanin Drancy, inda aka tsare dubban Yahudawa kafin a kwashe su zuwa sansanonin kisa. Gaskiya ne wasunsu sun shiga gwagwarmayar ɓoye, wasu sun rasa rayukansu a kan haka, amma rundunar a matsayinta na cibiya ta bi wanda ke riƙe da mulki.

Wannan tsari ne Faransa ta kai ƙasashen da ta mallaka, inda aikinsa ya fi karkata ga tsare ikon mai mulki. Nijar da Chadi da Kamaru duk sun riƙe shi bayan samun 'yancin kai a 1960, shi ya sa matafiyin da ya tsallaka iyaka daga Jibiya zuwa Maraɗi yakan tarar da jandarma a bakin hanya.