Abin Da Ke Kwance A Gindin Tabki Mai Zurfi

Ruwa yana da wata ɗabi'a mai ban mamaki. Yayin da yake yin sanyi, nauyinsa ƙaruwa yake yi, har ya kai digiri 4 a ma'aunin santigireti. Daga nan sai al'amari ya juya, watau in sanyin ya wuce haka, ruwan ya riƙa rage nauyi ke nan. Shi ya sa ƙanƙara take tasowa bisa ruwa, ba ta nutsewa.

Tabkin Baikal na ƙasar Rasha zurfinsa mita 1,642 ne. Da hunturu samansa yakan daskare har motoci su bi ta kai, amma can gindi ruwan yana nan dab da digiri 4, kifaye suna ta harkarsu. A yawancin tabkunan ƙasashen sanyi, sau biyu a shekara ruwan sama yakan yi nauyi daidai da na ƙasa, iska ta gauraya su, gindin tabki ya sami sabon numfashi.

A ƙasashen zafi kuwa ba a samun wannan juyi. Rana tana ɗumama ruwan sama, ya zauna bisa na ƙasa kamar mai a kan miya. Saboda haka a Tabkin Tanganyika, mai zurfin mita 1,470, da an wuce kimanin mita 200 babu iskar da kifi zai shaƙa.

Inda abin ya zama musiba shi ne Tabkin Nyos na arewa maso yammacin Kamaru. Shekara da shekaru iskar kabon tana ɓuɓɓugowa daga cikin dutse, tana narkewa a ruwan gindi, ruwan nan kuwa mai nauyi ne, ba ya motsi. Ran 21 ga watan Agusta, 1986, da dare, ruwan ya birkice. Iskar ta fashe, da yake ta fi iskar shaƙa nauyi sai ta gangara kwaruruka, ta hallaka mutum fiye da 1,700, da dabbobi dubbai, har da garkunan Fulani makiyaya. Shekara biyu kafin nan Tabkin Monoun ya yi irin wannan aika-aika, mutum 37 suka rasu.

Sai a 2001 aka kafa bututu a tsakiyar Nyos domin ya riƙa zuƙo ruwan gindi yana sakin iskar sannu a hankali. An ƙara biyu a 2011.