Daga Dajin Falgore Zuwa Filin Fareti: Makonnin Ƙarshe na Horon Kurata

Abin da yawancin jama'a suka sani game da horon soja shi ne ranar yaye kurata a Zariya. Badujala na tashi, dubban samari da 'yan mata cikin kaki suna taku ɗaya, iyaye sun cika rumfuna, wasu na guɗa wasu na share hawaye. Rana ce mai kyau, ta kuma cancanci murna. Amma ba a wannan filin ake gane ko kurtu ya zama soja ba. Tun makonni kafin nan aka gama wannan gwaji, a cikin daji, inda babu mai kallo sai malaman horo.

Makarantar horas da kurata ta Zariya, wadda aka fi sani da Daffo, an kafa ta ne a 1924, tun zamanin Turawa. Tana cikin barikin Chindit, wanda ya samo sunansa daga wata runduna da ta yi yaƙin daji da sojojin Japan a ƙasar Bama, kuma bataliyoyin Najeriya sun yi yaƙi a cikinta a 1944. Suna cikin tsofaffin da muka taso muna jin ana ce musu 'yan Bama. Yau kurtu yakan yi kimanin wata shida a Daffo. Watannin farko na gyaran mutum ɗaya ne: aski ƙwal-ƙwabo, gudun asuba, fareti, kwance bindiga da haɗa ta, da koyon bin umarni ba gardama.

A makonnin ƙarshe sai lamari ya sauya. Ana fitar da kurata daga bariki zuwa daji, kuma a shekarun nan dajin Falgore da ke kudancin Kano, kan hanyar Jos, ya zama filin wannan atisaye. Daji ne da ya taɓa yin ƙaurin suna wajen ɓoye ɓarayin shanu da masu tare hanya kafin soja su kafa sansanin horo a cikinsa. A nan kurtu yake haƙa ramin da zai kwana, ya yi gadi a tsakar dare, ya bi taswira da kamfas cikin duhu, ya fita sintiri, ya koyi yadda ake ɗana kwanton ɓauna da yadda ake kuɓuta idan an faɗa cikinsa. A nan kuma yake harba harsashi na gaske.

Darasin da ya fi kowanne nauyi ga sojan ƙasa shi ne matsawa gaba a ƙarƙashin wuta. Ana raba ƙaramin rukuni, na mutum goma ko kusa da haka, gida biyu. Rabi su kwanta suna harbi don su hana abokin gaba ɗaga kai, rabi su tashi a guje na 'yan daƙiƙu su faɗi, sannan su karɓi harbin, na baya su taso. A baki abu ne mai sauƙi. A aikace kuwa, yana nufin ka ruga gaba alhali wani yaro da ba ka taɓa sani ba wata shida da suka wuce, wataƙila daga Kalaba ko Ogbomosho, yana sakin harsashi ta gefenka. Idan ya karkatar da bakin bindiga kaɗan, kai zai samu. Idan ya bar harsashi talatin na AK-47 ɗinsa suka ƙare daidai lokacin da kake tsaye, ya bar ka a fili. Yardar da ke tsakanin sojoji, wadda farar hula ke mamakinta, a irin wannan wurin take samo asali.

Me ya sa ake haɗa wannan duka da yunwa da rashin barci? Dalilin yana cikin jikin ɗan Adam. Idan tsoro ya kama mutum, jiki yakan saki sinadaran da ke sa zuciya bugu da sauri, yatsu su rasa ƙwarewa, ido ya kafe kan abu guda, tunani ya taƙaita. Rashin barci na kwana biyu ko uku yana ƙara dagula lissafi da saurin yanke shawara. A irin wannan hali, abin da aka karanta a allo yakan gudu, abin da hannu ya maimaita sau ɗaruruwa shi ke zama. Shi ya sa saje yake sa kurtu ya gyara bindigar da ta cije sau da yawa har ya iya yi ido rufe, sannan ya sake sa shi yi bayan ya yini da kaya a baya. Ana so ya fara sanin yadda jikinsa ke yi idan ya jigata a wurin da kuskure ba zai ci ransa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To amma akwai wahalar da ke gina soja, akwai wadda ke lalata shi, kuma wajibi ne a raba su. Babban abokin gaban kurtu a ƙasarmu shi ne zafi. Jiki yana buƙatar kamar kwana goma zuwa mako biyu kafin ya saba da aiki mai tsanani a cikin rana. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40, mutum ya fara sambatu ko tangaɗi, wannan ba ragwanci ba ne, ciwo ne mai kisa, kuma maganinsa shi ne a sanyaya shi da ruwa nan take, tun kafin a nemi mota. Shan ruwa fiye da kima ba tare da abinci ko gishiri ba shi ma yana iya sumar da mutum. Kurtun da ya ga fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi bayan doguwar tafiya ko tsallen kwaɗo, alama ce cewa naman jikinsa na narkewa cikin jini, abin da kan kai ga ciwon ƙoda. Ga kuma tsagewar ƙashin ƙauri ko na tafin ƙafa, wadda ke zuwa a hankali saboda ƙashi bai kai tsoka saurin sabawa da nauyi ba.

Abin tausayin shi ne a daidai wannan lokacin ne kurtu ya fi ɓoye ciwo. Ya ga ƙarshe ya matso, ya tuna gidan da ya baro da mutanen da suka zuba masa ido, sai ya cije ya ci gaba da ɗingishi. Don haka malamin kirki shi ke neman mai ciwo, ba ya jiran mai ciwo ya kawo kansa. Gwale-gwalen da babu darasi a cikinsa, wanda aka yi don huce haushi ko don a ce mu ma haka aka yi mana, ba ya ƙara wa soja komai. Illa ma, wanda aka wulaƙanta a bariki shi ne ake tsoron zai sauke fushinsa kan direba ko ɗan kasuwa a shingen bincike.

Akwai darussa uku da nake ganin bai kamata a taƙaita su ba ko da lokaci ya ƙure. Na farko, tsayar da jini: zubar jini daga hannu ko ƙafa na kan gaba cikin mace-macen fagen fama da ake iya hanawa, kuma ɗaurin da aka yi daidai cikin minti ɗaya ko biyu yana ceton rai. Na biyu, gane alamun bam da aka binne a hanya, makamin da ya ci rayukan sojoji da yawa a Borno da Yobe. Na uku, yadda ake mu'amala da farar hula da wanda ya miƙa wuya, kamar yadda yarjejeniyoyin Janiba na 1949 suka tanada. Sojanmu na yau a cikin ƙauyukan ƙasarsa yake yaƙi, tsakanin manoma da makiyaya da mata masu ɗibar ruwa. Sanin lokacin da ba a harbi yana daidai da sanin harbi.

Wasu ƙasashe sun auna wannan sun ƙara lokaci. Amurka ta tsawaita horon sojan ƙasa daga mako 14 zuwa 22 a 2019, don a samu ƙarin harbi, ƙarin atisayen daji da koyon ceton rai. Mu ma muna da wuraren ci gaba da horo: makarantar sojan ƙasa ta Jaji, cibiyar horo ta Kontagora, da makarantar runduna ta musamman a Buni Yadi. Wata shida a Daffo tushe ne, kuma matsin yaƙi bai zama hujjar tura sabon farabiti bakin daga kai tsaye ba tare da ya bi ta irin waɗannan wurare ba.

Kirana ga shugabannin rundunar soja da kwamitocin majalisa masu kula da kasafin tsaro shi ne su riƙa kai ziyara Falgore kamar yadda suke halartar fareti, su tambayi harsashi nawa kowane kurtu ya harba, dare nawa ya kwana a daji, likita nawa ke tare da su. Ku kuma iyaye, idan ɗanku ya dawo hutun bayan yaye yana ɗingishi ko yana firgita cikin barci, ku kai shi asibiti kafin ya koma bakin aiki.