Tsufa Ba Ya Da Albashi

Duk wanda ya bi ta Zongo bayan sallar la'asar, ko ya gangara wajen Placodji inda ruwan da ya raba Kwatano biyu yake shiga teku, zai tarar da dattawanmu zaune kan benci suna hira. A da can abin da ake gani a hannunsu bai wuce carbi da goro ba, sai ko 'yar rediyon da ake jiran Sashen Hausa na BBC da ita. Yanzu kuwa da wuya ka ga wanda ba ya riƙe da waya, har akwai masu biyu. Wani ɗansa ne ya aiko masa daga Legas, wani kuwa bashi ya ci ya saya don kada a ce an bar shi a baya. Wannan waya ita ta sa na ɗauki alƙalami a wannan wata, domin na lura tana cikin ƙofofin da ɗan abin da tsoho ya tara yake zurarewa ba tare da an ji ƙararsa ba.

Bari mu fara da tambayar da ba a son yi a majalisa: idan ƙarfi ya ƙare, me za a ci? Ma'aikacin gwamnati yana da asusun fansho na FNRB. Wanda ya yi aiki a kamfani, in dai maigidansa ya rubuta sunansa a CNSS, wadda tsofaffi suka sani da OBSS, shi ma yana da rabo. Ana cire kashi 3.6 cikin ɗari daga albashinsa, maigidan ya ƙara kashi 6.4, idan ya cika shekara 60 kuma an zuba masa na wata 180, wato shekara goma sha biyar, sai ya fara karɓa. Lissafin kuwa shi ne kashi 30 na matsakaicin albashinsa, da ƙarin kashi 2 a kan kowace shekarar da ta haura goma sha biyar ɗin. A ce mutum yana ɗaukar sefa 100,000 a wata, ya yi shekara 25 yana aiki, to rabin albashin zai riƙa samu, sefa 50,000. Mai karatu ya auna wannan da kuɗin haya da na masara da na magani, ya ga ko ya kai tsakiyar wata.

To amma mu nawa ne ma muke cikin wannan layi? Yawancin Hausawan Kwatano mahauta ne da masu tsire, 'yan canji, dillalan shanu da tumaki, masu albasa, 'yan koli, direbobin manyan motoci masu zuwa Yamai, da masu gadi. Mai gadi yakan yi shekara ashirin a ƙofar gida ɗaya, ranar da ƙafa ta gaza a sallame shi da ɗan kuɗin mota, babu takarda ko guda da za ta nuna ya taɓa aiki. Duk mai albashi da ke karanta wannan shafi, ya je ofishin CNSS da kansa ya tambaya ko ana zuba masa. Maganar maigida kaɗai ba ta isa shaida ba. Sauran mu kuwa fanshonmu abu uku ne tun kaka da kakanni: abin da muka ɓoye, abin da muka gina, da 'ya'yan da muka haifa.

Maganar ɓoyon kuɗi ita ce mai tsawo, domin ƙasar nan ta koya wa masu ajiya darasi iri-iri. A shekarun 1988 da 1989 bankunan gwamnati suka durƙushe, BCB da BBD da CNCA, mutane suka yi ta safa da marwa a ƙofofinsu da littafin ajiya a hannu, ma'aikata suka yi watanni babu albashi, har abin ya kai ga babban taron ƙasa na Fabrairun 1990. Daga nan tsofaffi da yawa suka yi rantsuwa sun bar banki, suka koma ƙarƙashin katifa. Katifar ma ba ta tsare su ba. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka wayi gari an karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake saya sefa 50 ya koma 100. Kuɗin yana nan yadda aka ƙirga shi, amma magani da shinkafa da duk abin da ke shigowa ta tashar jirgin ruwa sun yi tashin gwauron zabi. A 2004 kuma Babban Bankin BCEAO ya janye tsofaffin takardun kuɗi samfurin 1992, ya ba da wa'adin 'yan watanni a canza, wanda ya binne nasa a ƙauye bai ji labari da wuri ba ya sha wahala kafin ya ga mafita.

Wanda ya fi ciwo shi ne na 2010. Kamfanin ICC Services da ire-irensa sun yi shekaru suna karɓar kuɗin jama'a da alkawarin riba har kashi 200 cikin ɗari a shekara. Na farko-farko sun karɓa kuwa, suka sayi babura da filaye, maƙwabta suka gani suka bi. Asirin abin shi ne babu wata sana'a da ake juya kuɗin a ciki; na wanda ya zo yau ake ba wanda ya zo jiya, ranar da sababbin zuwa suka ragu sai ginin ya rufta. An ƙiyasta abin da ya salwanta ya haura sefa biliyan 150. Shugaba Boni Yayi ya sauke ministan cikin gida a kan lamarin, amma sai a Disambar 2018 aka fara shari'ar a kotun CRIET da take Porto-Novo a lokacin, aka ɗaure shugabannin kamfanin a farkon 2019, yawancin masu ajiya kuwa ba su ga cikon kuɗinsu ba. Abin da ya fi ba ni mamaki a lokacin shi ne, akwai mutanenmu da ke ƙin buɗe littafin ajiya a banki saboda tsoron riba, su ne kuma suka kwashi kuɗin aikin Hajji suka kai inda ake alkawarin ninki uku. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Irin wannan tarko bai mutu ba, ya dai sauya riga: yanzu ta WhatsApp yake zuwa, da sunan kuɗin intanet ko saka jari a wani kamfanin Dubai da ba wanda ya taɓa ganin ƙofarsa.

Masu ajiya da naira su ma sun ga tasku. Daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 Nijeriya ta sauya takardun kuɗinta, 'yan canjin Jonquet da na Zongo suka rasa barci. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin man fetur, kpayo ya yi tsada, kuɗin zemijan ya tashi. A Yuni aka saki naira, dalar Amurka da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,400 kafin ƙarshen Fabrairun 2024. A tsakiyar wannan kuma aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe gadar Malanville da Gaya, Nijar ta bar nata gefen a rufe har bayan an ɗage takunkumi a Fabrairun 2024. Dattijon da ya sa duk abin da ya mallaka cikin mota guda mai zuwa Yamai, yana jiran direba ya kawo masa na cefane, shi ya san yadda watannin nan suka wuce.

Gini ma sai da takarda. Waɗanda aka tayar da rumfunansu daga bakin titi a Janairun 2017, da mutanen bakin teku a Placodji da aka rushe wa gidaje a 2021, sun isa misali. Mai son ya mai da ajiyarsa ɗakunan haya, ko a Calavi ne ko a Parakou ko a garinsu, ya fara da tabbatar da takardar filin kafin ya sayi bulo ko ɗaya.

Yanzu mu koma kan waya. Ni ban ce a jefar da ita ba, ni ma ina da ita. Da ita ake aika wa tsohuwa kuɗi a Djougou ko Dogonduci cikin minti guda, abin da a da sai an nemi amintaccen direba. Da ita ake sayen katin wutar SBEE da tsakar dare. Illarta ita ce kuɗinta ƙanana ne, kuma mu da muke ƙirga da dala ba ma jin nauyinsu. Yaro ya zo ya ce, Baba a ba ni dala ɗari in sa forfe, sai a miƙa, ai dala ɗari ce. To dala ɗari kullum sefa 15,000 ke nan a wata, 180,000 a shekara. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun Janairun 2023 sefa 52,000 ne, ashe ke nan waya ɗaya tana iya cinye fiye da rubu'insa. Gidan da ke da waya huɗu fa? Ga kuɗin cire kuɗi a wurin mai MoMo ko Moov Money, wanda ya fi cizon mai cirewa kaɗan-kaɗan sau goma a kan mai cirewa sau ɗaya. Ga kuɗin tashoshin talabijin kowane wata saboda ƙwallon Ingila. Ga sabuwar waya da ake bayarwa a biya da kaɗan-kaɗan. Kafin ka sa hannu, ka ninka abin da za ka riƙa biya da yawan kwanakin, ka gwada da farashinta a kasuwa in an biya lakadan. A 2018 da gwamnati ta sa harajin sefa 5 a kan kowane mega na Facebook da WhatsApp, matasa suka yi ca har aka soke shi a watan Satumba. Harajin da muke sa wa kanmu a gida ya ninka wancan, ba wanda ya fito zanga-zanga.

A ganina tsohon da bukatarsa kira da karɓar kuɗi da sauraron saƙon murya daga dangi, ƙaramar waya mai araha ta ishe shi, da forfe na wata guda da za a saya sau ɗaya a ranar da kuɗi ya shigo, in ya ƙare a jira wani watan. Jikoki kuwa a yanka musu nasu na mako, kowa ya san iyakarsa.

Ragowar kuɗin a raba shi, kada a tara wuri guda. Na cefanen wata a hannu. Na rashin lafiya, wanda zai kai wata uku zuwa shida, a inda za a iya cire shi ranar da aka so, banki ko CLCAM ko wata ma'ajiya mai lasisi. Akwai asusun lamuni na ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma da ke biyan mai ajiya idan wurin ya karye, har zuwa sefa 1,400,000 a banki da 300,000 a ƙananan ma'ajiyoyi, don haka mai abin da ya fi haka ya raba shi gida biyu. Littafin ajiya yana ba da kashi 3.5 a shekara. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da wannan ba ya tambayi malaminsa, ko ya buɗe asusun da ba ya haihuwa. Adashi yana da kyau tsakanin waɗanda suka san gidajen juna. Mai zagawa da kati mai gida 31 kuwa, wanda ke ɗaukar zubin rana ɗaya ladansa, yana taimaka wa mai tsire ya kame hannunsa, sai dai kuɗin wata guda ake ba shi riƙo, ba na shekara ba. Raguna da ake turkewa don Babbar Sallah suna kawo riba, amma a lissafa dusa da harawa da magani da wanda zai mutu kafin a kira abin riba.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ta faru a cikin danginmu. Wani kawuna ya yi shekaru yana tara kuɗi a waya, ba ya karatun boko, jikansa ke danna masa lambar sirri, layin kuma da sunan wani yaron shagonsa aka yi masa rajista tun da daɗewa. Da Allah ya yi masa rasuwa, yaron ya riga ya koma Nijar, jikan ya ce abin da ke ciki bai kai yadda ake zato ba, ofishin kamfanin kuma suka ce sai mai sunan ya zo da kansa da katinsa. Aka yi wata bakwai ana kai da kawowa, magada suka daina gaisawa. Tun bayan rajistar RAVIP ta 2017 zuwa 2018, duk wanda aka rubuta yana da lambarsa ta NPI, hukumar ANIP kuma tana ba da kati. Duk dattijon da ke da kuɗi a waya ya ɗauki katinsa ya je ofishin kamfanin a mai da layin sunansa. Ya riƙe lambar sirrinsa, kada ya faɗa wa wanda ya bugo ya ce daga kamfani yake, ko ya ce ya turo kuɗi bisa kuskure a mayar masa. Sa'an nan ya sa a rubuta masa a takarda, da boko ko da ajami, inda kuɗinsa suke da wanda yake bi da wanda ke bin sa, shaidu biyu su sa hannu, a ba limamin unguwa ko babban ɗa ya ajiye.