Daga Ikko Zuwa Elmina Cikin Jirgin Ruwa Mai Filafilai

Mu mutanen Zazzau mun san ganuwa, gama kullum muka tashi daga Tudun Wada za mu shiga birni sai mun ratsa ta. Amma akwai waɗansu ganuwoyi na dutse a bakin teku, waɗanda muka daɗe muna koya wa ɗalibai labarinsu ba mu taɓa ganinsu ba. Saboda haka da hutu ya zo muka tafi Ikko, muka shiga wani ƙaramin jirgi wanda iska ke turawa, muka nufi yamma.

Zaman jirgin nan sai mai haƙuri. Iska daga kudu maso yamma take busowa, igiyar ruwa kuwa gabas ta nufa, watau duka biyu suna gāba da mu. Don haka jirgin ba ya miƙewa sosai, sai ya karkata kudu, a juya filafilai, kāna ya komo wajen gaɓa. An raba mana tsaro, kowa sa'a huɗu, dare da rana. Ruwan sha aunawa ake yi, alwala kuwa da ruwan teku. Alƙibla sai an dubi kamfas, gama kan jirgin ba ya tsayawa wuri guda.

Muka wuce gaɓar Wida, inda Turawan Fotugal suka gina ganuwa a 1721, ba su bar ta ba sai 1961. Ta wannan gaɓa, da ta Ikko, aka fitar da Hausawa da yawa bayi zuwa Bahiya ta ƙasar Barazil, inda suka ƙulla tawaye a 1807, suka kuma tayar a 1814.

Daga nan sai Ankara, sai Cape Coast, sai Elmina, mil 8 a gaba. Fotugal suka gina ganuwar Elmina a 1482, mutanen Holan suka ƙwace ta a 1637, ta koma hannun Ingilishi a 1872. A shekarar nan aka kawo sojan Hausa daga Ikko don tsaron garin. Nan kuma aka tsare Sarkin Asante, Prempeh, a 1896.

Sa'ad da muka shiga kurkukun bayi da ke ƙasa, kowa ya yi shiru. Mu da muke ƙorafin ƙuncin jirgi da ƙarancin ruwa, da yardarmu muka shigo, mun kuwa san ranar komawa gida. Waɗanda aka fitar ta 'yar ƙofar nan sun yi makonni a ɗaure cikin jirgi, ba su komo ba.

To, malamai 'yan'uwa, ganuwarmu an gina ta don kāre mutane, waɗannan kuwa sun zama wurin tara mutane a sayar. Kada mu koyar da labarinsu kamar na waɗansu ne can nesa. Kakanninmu suna ciki, waɗansu a ɗaure, waɗansu da bindiga a kafaɗa. Wajibi ne yaranmu su san duka biyu.